Wai daji ba ya son ƙarfe

Da sabulu a hannuna na fara jin sa. Ranar wata Asabar ce cikin Agustan 2023, an kwana ana ruwa a Gombe, na shiga wanka da sassafe kafin yara su tashi. Ina cuɗa gefen nonona na hagu, can sama ta wajen hammata, sai yatsuna suka ci karo da wani abu mai tauri kamar ƙwayar gujiya. Babu zafi, babu ƙaiƙayi. Na danna shi, bai gudu ba, bai kuma yi laushi ba. Na ɗauraye jikina, na fito na ɗora ruwan koko, na shiga sabgogina kamar ban ji komai ba.

Shekarata 39 a lokacin, 'ya'yana huɗu, autar na yaye ta da wata takwas. Malamar firamare ce ni, kuma cikin darussan da nake koyarwa har da na kiwon lafiya. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce ai rashin boko ne ke sa mata zama da ciwo a ɗaki. Ni da takardata ta NCE a cikin akwati, sati tara cur na yi da abin nan a ƙirjina ban taka ƙofar asibiti ba.

Goggo ce ta zaunar da ni. Ƙanwar babanmu ce, a Kumo take aure, ina budurwa ta yi nata ciwon. Abin da na fi tunawa shi ne ɗakinta. Kullum kasko na ci, turaren wuta na tashi dare da rana, mu 'yan mata muna cewa Goggo 'yar gayu ce. Ashe wari take rufewa. Kusan shekara biyu tana ɗaure ƙirji da tsumma, ba wanda ya sani sai wata tsohuwa mai kawo mata garin magani. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a madafa aka kwaso ta zuwa Gombe. Aka yi mata aiki, ta yi wata huɗu, Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki magana ɗaya mata ke ta nanatawa: "Ai daji ba ya son ƙarfe. Da ba a taɓa ta ba, da tana nan." Ina 'yar shekara goma sha tara na haɗiye maganar nan, ta kwanta min a ciki shekara ashirin, ban san tana nan ba sai ranar da na fito daga wankan nan.

A sati taran nan ba hannu na naɗe ba, magani na yi ta yi, irin namu. Na fara da ce wa kaina ragowar ruwan nono ne ya daskare. Na gasa da ruwan zafi safe da yamma. Na shafa man kaɗanya, na shafa man zaitun da na habbatussauda. Na je kemis na ce wa yaron da ke ciki wata ƙawata ce ke da ƙullutu a nono. Bai tambaye ni komai ba, ya ce maruru ne na ciki, ya ƙirgo min kafso na kwana biyar. Na daina sa kuɗi a bireziya, na daina soke waya a ciki, tunda an ce su ke kawo shi, alhali babu ruwansu. A aji ina rubutu a allo, hannuna ɗaya na ƙarƙashin hijabi yana lalube, ko Allah ya sa ya tafi. A sati na shida na kasa riƙewa na faɗa wa yayata, Adda. Ta yi salati, ta yi kuka, washegari ta kawo min wani gari daga wajen masu lasifikar nan na bakin kasuwa, waɗanda kwalba ɗaya ke maganin basir da sanyi da daji da rashin haihuwa. Na sha a kunu, na yi kwana uku ina zaryar banɗaki. Ƙullutu yana nan daram, ya ma tashi daga gujiya ya doshi ƙaramin goro.

Cikin Oktoba, watan da duniya ta keɓe don wayar da kai kan sankarar mama, lokacin da ake ganin ma'aikatan lafiya da ɗan ƙyalle ruwan hoda a ƙirji, ina wanke-wanke rediyo na gefena, sai na ji wata likita tana bayani. Ta ce mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a nono ba kansa ba ne, amma hannu ba ya iya tantancewa, ko da na likita ne, sai an yi gwaji. Sannan ta ce kada rashin ciwo ya ruɗi mace, domin kansar mama a farkonta galibi ba ta ciwo. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Duk abin da na jingina da shi ke nan tsawon sati tara: ai ba ya ciwo.

Ta kwatanta yadda mace ke duba kanta, ni kuma a daren nan, da yara suka yi barci, na rufe ƙofa na kunna fitilar waya na tsaya gaban madubi. Rabon da in tsaya in kalli ƙirjina haka har na manta. Mukan ba yara su sha, mukan wanke, mukan rufe, amma kallo sai ka ce na wata ne. Na duba hannuwa a sake, na duba na dafe ƙugu, ban ga komai ba. Da na ɗaga hannuwa sama, sai fatar da ke kan ƙullutun ta loɓa kaɗan, kamar kumatun yaro in yana murmushi. Na sauke, ta koma. Na sake ɗagawa, ta sake loɓawa. Na kwanta rigingine, na tura matashi ƙarƙashin kafaɗa, na sa hannun hagu a ƙeya, na bi nonon da cikin yatsu uku na tsakiya, ba da tsininsu ba, ba kuma mintsina ba, ina dannawa a hankali sannan da ɗan ƙarfi, tun daga ƙashin wuya har ƙasan nono, tun daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. Sauran alamomin da ta lissafa ban gan su ba: kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa ya fito da kansa, fata ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, gyambon da ya ƙi warkewa, kaluluwa a hammata. Sai a lokacin na gane cewa taɓawar da nake yi sau ashirin a rana tsoro ne kawai. Dubawa sau ɗaya ake yi a wata, 'yan kwanaki bayan wankan tsarki, lokacin da nono ya saki, wadda kuma ta daina al'ada sai ta tsayar da rana guda a kowane wata.

Faɗa wa maigida shi ne dutsen da na fi jin nauyinsa. Ba sai na yi wa mace bayanin abin da ke zuwa rai ba: in aka yanke, wa zai kalle ni, kuma yaushe za a fara jera kwanukan wata a ɗakin da ke kusa da nawa. Bayan sallar asuba na ce, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi." Ya saurara har na gama. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Agusta. Ya yi shiru har na zaci ba zai sake magana ba, sannan ya ce, "Da a jikin ɗaya daga cikin yaran nan kika ji shi, da ya kwana biyu ba ki kai shi asibiti ba?" Ban ba shi amsa ba, domin ni da shi mun san ta. Zazzaɓin dare ɗaya na auta ya taɓa fitar da ni neman Keke Napep da ƙarfe ɗayan dare.

Ranar Litinin na fara da ƙaramin asibitin unguwa. Sistar da ta duba ni ba ta ɓata lokaci ba, ta rubuta takarda ta ce in wuce babban asibiti ɓangaren likitocin tiyata, ta ƙara da cewa, "Malama, kada ki biya ko'ina da takardar nan." Yankar kati, buɗe fayil, jiran ranar da likitocin ke zama, wannan duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san shi. Abin da ban shirya masa ba shi ne namiji na tarar a kujerar. Da ya ce in hau gado in cire riga, sai jikina ya ɗauki rawa. Sista ta ja labule, ta tsaya a kaina, ta ce a hankali, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yar'uwa. Ina nan ba inda za ni." Na rufe ido. Bai fi minti biyar ba ya gama duba duka biyun da hammata da wuya. Kunyar da na yi sati tara ina tattali, abin da ta ci ke nan.

Ya yi ta tambayoyi: shekara nawa na fara al'ada, nawa na yi haihuwar fari, na shayar ko ban shayar ba, akwai wadda ta taɓa yi a dangi. Na ce babu. Sai na ce, sai dai Goggo, amma ita ta wajen uba ce. Ya ce ta wajen uba ma ana lissafawa. Na ce, "Likita, 'ya'ya huɗu na shayar, kowanne kusan shekara biyu, an ce mai shayarwa ba ta yi." Ya ce shayarwa tana rage haɗarin, amma ba ta kore shi, kuma kusan rabin matan da ke kamuwa babu wani dalili da za a nuna a kansu sai kasancewarsu mata da kuma shekaru. Maza ma suna yi, in ji shi, sai dai kaɗan ne ƙwarai. Ya tura ni sikanin, sannan hoton nono na musamman, wanda ake matse shi tsakanin faranti biyu har sai ka ce wayyo. Da ya ga hotunan, ya ce sai an ɗebi ɗan nama daga cikin ƙullutun da allura an kai ɗakin gwaji.

Allura. Ƙarfe ke nan.

Kafin in zo kan wannan, bari in faɗi abin da na gani a bencin jira, domin a nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Mata ne daga Dukku, Nafada, Bajoga, Kaltungo, wasu ma daga Biu da Potiskum. Da yawansu in sun zauna sai ka ga sun tallafe hannu ɗaya, sun lulluɓe da zani biyu duk zafin nan. Warin ɗakin Goggo na sake ji a wurin, ba turare. Wata baiwar Allah da ke gefena, ba za ta girme ni ba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma wa kika kawo?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ga ki garau, me ya kawo ki?" Ba da mugunta ta faɗa ba. A wajenta, kuma a wajen yawancinmu, asibiti wurin wanda ya kasa tashi ne. Nata ya fashe tun damina, an yi ta shafa mata wani baƙin magani mai cin fata, ana ce mata ciwon ne ke fita.

Alƙaluman cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne aka ƙiyasta sun kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma ta yi ajalinsu. A ƙasashe masu arziki, cikin mata goma da aka gano suna da ita, tara na nan da rai bayan shekara biyar. Cutar ɗaya ce. Su tana ƙarama ake kama ta, mu kuma mafi yawanmu sai ta kai mataki na uku ko na huɗu muke zuwa.

Da labarin allura ya kai kunnen Hajiya, surukata, da kanta ta zo gidan, abin da ba ta cika yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ke 'yar nan, ashe kashe kanki za ki yi ki bar min marayu? Daji ne fa. In ƙarfe ya taɓa shi, tashi yake ya bazu. Ba ki ga 'yar'uwar ubanki ba?" Ta ce akwai wani mai magani a wani ƙauye, an kai masa wadda aka sallamo daga asibiti ta warke. Kowa a garin nan ya san labarin wannan mata da ta warke, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya san gidansu ba. Ban yi musu da Hajiya ba, ba a yi. Na ce to. Kuma gaskiya rabin zuciyata na tare da ita.

Ranar da aka sa min, na shiga na ce, "Likita, kafin ka taɓa ni, ina da tambaya, kada ka yi min dariya." Na kwashe labarin Goggo na faɗa masa. Bai yi dariya ba. Ya jawo takarda ya zana nono, ya ce ciwon yana da mataki huɗu. A na ɗaya ƙarami ne, yana cikin nono. A na biyu ya ɗan girma, ko ya taɓa kaluluwar hammata kaɗan. A na uku ya kama fata ko bangon ƙirji ko kaluluwa da yawa. A na huɗu ya riga ya tafi huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Ya ce matar da ta yi shekara biyu da gyambo har ta faɗi, ciwon ya gama tafiyarsa tun kafin a ɗauko wuƙa, kuma aikin da ake yi wa irinsu sau da yawa don a rage wari da zubar jini ne. Sai ta rasu, sai a ce ƙarfe ne. Waɗanda kuma aka yi wa da wuri suka warke, suna nan cikin gari suna harkokinsu da hijabi, ba mai sanin an taɓa yi musu komai, domin ba sa faɗa. Wannan ta ƙarshen ita ta shige ni. Gawa kowa na ganin fitarta, amma wadda ta tashi ɓoyewa take.

Na kwanta. Aka yi min allurar kashe zafi, ta ɗan yi yaji, shi ke nan. Ya ce zan ji ƙara, kada in firgita. Ƙarar kamar ta abin maƙale takardu na ofishin hedimasta, ƙas, sau huɗu. Naman da aka ciro siri-siri ne kamar guntun taliya, aka jefa a 'yar kwalba mai ruwan magani, aka manna sunana. Aka rufe wurin da filasta, na hau Keke na koma gida na dafa tuwon dare.

Jiran sakamako ya fi allurar zafi nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta ce a yi ƙoƙari kada a wuce kwana 60 tsakanin ranar da mace ta fara kai kanta asibiti da ranar da za a gama bincike. Nawa ya ɗauki kwana 52, ina ta ƙorafin an ja min rai. Wata rana na zauna na ƙirga waɗanda ni na cinye a ɗaki da man kaɗanya, na samu 63. Daga ranar na rage baki.

Farkon Disamba muka koma ni da Malam. Likita ya ce kansa ce, mataki na biyu. Na ji kalmar, sauran bayanin kuma ya bi ta saman kaina, sai da Malam ya maimaita min a gida. Hanya biyu aka ba ni. Ko a cire ƙullutun da naman da ke kewaye da shi a bar nonon, amma dole a biyo da gasa wajen da na'ura, wanda ake yi kusan kullum na tsawon makonni, ga na'urorin gashin ba su da yawa a ƙasar nan, sai an yi tafiya an yi zaman jira. Ko kuma a cire nonon gaba ɗaya da kaluluwar hammata. Na yi istihara, na kira Dada na faɗa mata. Mahaifiyata ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Nono ya gama aikinsa, ya shayar da huɗu. Uwar ce ba ta gama nata ba." Da hannuna na sa hannu a takardar.

Cikin hunturun Janairun 2024 aka yi aikin. Da na farfaɗo, hannuna na dama ne ya fara tafiya da kansa, ya tarar da bandeji a shafe. Akwai 'yar roba da aka bari tana tsiyayar da ruwa cikin wata jaka, na yi kwanaki ina yawo da ita a leda kamar mai cefane. Ranar da aka buɗe bandejin na kau da kai. Sista ta ce, "Ki duba. Ke za ki zauna da shi, in ba ki san yadda yake yau ba, yaya za ki gane in ya canza gobe?" Na duba. Layi ne guda daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, kuma ba ranar kaɗai ba.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya min shi ne wahalar hannu. Kafaɗata ta ƙage, ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa. Aka koya min in fuskanci bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, kullum, sau da yawa. Da yake alli ba ya yanke min, sai na riƙa shata inda na kai. Ranar farko layin bai wuce kafaɗata ba. Yarana suka mai da abin wasa, kowace safiya sai sun zo duba ko Mama ta ci jarrabawa. Wajen sati shida na taɓa saman ƙofa, layukan suna nan har yau ban bari an goge ba. An kuma gargaɗe ni da in kiyaye hannun daga yanka da ƙuna, in kuma na ga ya fara kumbura in dawo da wuri, domin an cire kaluluwar da ke kwashe ruwan wajen. Ni da nake juya waina da yatsa, yanzu sai da cokali.

Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake sa wa mutum ta jijiya, ita ce inda na ga mata na zubewa. Sau shida aka rubuta min, duk bayan sati uku, kuma kafin kowanne sai an auna jini. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne kamar zoɓo, har fitsari yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Bayan na farko da kamar sati biyu, ina warware kitso, sai jelar ta biyo hannuna gaba ɗayanta. Na sa Adda ta aske sauran. Farcena ya yi baƙi, bakina ya yi ɗaci, ƙamshin suyar albasa daga maƙwabta ma sai ya tayar min da zuciya. Azumi ya kama cikin Maris, likita ya ce kada in yi, malamar Islamiyyarmu ma ta ce Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, in rama in na warke. Duk da haka a ɓoye nake shan ruwa kamar ɓarauniya. An faɗa min in na ji zazzaɓi kada in tsaya shan farasitamol a gida, in taho ko tsakar dare ne, domin maganin yana karya garkuwar jiki. Sau ɗaya aka ɗaga min sati guda saboda jinin ya yi ƙasa.

Bayan na uku, wallahi na yi niyyar dainawa. Ga zafin Afrilu na Gombe, ga jiki ya mutu, ga masu zuwa dubiya suna cewa, "Ai an riga an cire, wannan kuma na mene ne? Ciwon bai kwantar da ke ba, magani ya kwantar da ke." Maganar tana da daɗin ji. Sai dai an riga an yi min bayani cewa kemo tana bin ƙananan ƙwayoyin da suka tsere ne, waɗanda hoto ba ya gani, wuƙa ba ta kai gare su. Wata da muke zama kujera kusa da kusa ta daina zuwa daga na biyu. Ban sani ba ko gajiya ce ko kuɗi, kuma ba zan zarge ta ba, domin kuɗin ba na wasa ba ne, balle bayan da aka cire tallafin mai, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. 'Yan kunnena na zinare sun tafi, kwasar adashena ta tafi, yayana Hamma ya sayar da bijimi, malaman makarantarmu suka yi karo-karo. A bencin nan ne na ji labarin asusun tallafa wa masu kansa da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, na mama da bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ni dangi sun riga sun rufa min asiri, amma duk wadda na gani sabuwa a bencin sai na ce ta tambaya.

Hajiya kuwa ta yi fushi na wata guda, sannan ta dawo da kwanon kunun gyaɗa. Muka yi sulhun da ba a furta ba. Tofi da addu'a da ruwan zamzam, duk abin da ta kawo ina karɓa hannu biyu, ina kuma jin daɗinsu har raina. Jiƙo da gari kuwa sai in ce likita ya hana haɗawa, kuma ba ƙarya na yi ba, ya ce wasu kan wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da suke fama da kemo. Ranar da na gama na shida, ana saura kwanaki Babbar Sallah, ita ta shafa kaina mai santsi ta ce, "Kin yi taurin kai, 'yar nan." Daga bakinta, yabo ne.

Gwajin naman ya nuna irin tawa tana samun abinci daga sinadarin jikin mace, don haka aka ɗora ni a kan ƙwayar tamoksifen, ɗaya kullum, aƙalla shekara biyar. Na ajiye ta kusa da carbina, ina idar da asuba nake sha. Takan sa ni jin zafi ya taso min kamar an buɗe murhu, kuma an ce kada in ɗauki ciki ina shan ta. Ina komawa asibiti duk ranar da aka rubuta min, ko da kuwa ranar biki ce. Kowane wata ina tsayawa gaban madubin nan, in duba na dama, in bi tabon hagu da yatsu, in shiga hammata. Gashi ya dawo, ya ma fi na da laushi.

Da na koma makaranta, safa na riƙa cusawa a bireziya, har ranar da na sunkuya ɗaukar alli ta faɗo gaban 'yan aji huɗu. Sai na je wajen maƙwabciyata mai ɗinki na yi mata bayani. Ta ɗinka min 'yar jaka ta cika da auduga, ta yi rashin nauyi, tana hawa sama har wuya. Muka farke, muka zuba gero kaɗan a tsakiya, muka kewaye da audugar, muna gwadawa muna dariya har da hawaye, sai ga shi ta zauna daidai. Ina naɗe kayana zan fita, sai ta tashi ta tura ƙofa, ta rage murya ta ce, "Malama, don Allah ɗan taɓa min nan." Ta kama hannuna ta kai ƙasan nononta na dama. Akwai abu. Na ce tun yaushe, ta ce tun kafin azumi, amma ba ya ciwo. Na ce mata ni ba likita ba ce, kuma mai yiwuwa ba komai ba ne, amma ranar Litinin ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanta, mu tafi tare.

Litinin ta farko ta ce ba ta faɗa wa maigidanta ba tukuna. Ta biyu ta leƙo da zare a baki, ta ce ɗinkin biki ya yi mata yawa, in bari ta sallami masu kaya. Jibi ma Litinin ce, na riga na faɗa wa mai Keken ya zo da wuri.